Akuya mai ciki ba a tatsarta har ranar haihuwa

Masu kiwon awakin madara da yawa suna ganin in dai hantsar akuya na kawo nono, barin tatsa asara ce. Wannan kuskure ne, kuma akuyar ce ke biyan kuɗinsa da jikinta.

Cikin akuya kwana 150 ne, ko a ɗan rage ko a ɗan ƙara kwana biyar. Don haka ranar da bunsuru ya barbare ta, a rubuta. Idan bayan kwana 18 zuwa 24 ba ta sake neman bunsuru ba, ba ta kaɗa wutsiya, ba ta kuma yawan kuka, mai yiwuwa ta ɗauka. Daga ranar barbarar a ƙirga kwana 90, a daina tatsa. Sauran kwana 60 na hutu ne.

A makonni shida na ƙarshe ne 'ya'yan cikin ke yin mafi yawan girmansu, kuma a lokacin ne hantsa ke sabunta kanta ta haɗa dakashi, nonon farko mai kauri da ke kare jariri daga cuta. Akuyar da aka ci gaba da tatsa sai ta rame, dakashinta ya yi ƙaranci, madarar zagaye na gaba ma ta ragu. Mai ɗauke da tagwaye ta fi shiga haɗari.

Kafin a daina, a rage mata hatsi da dusa na mako guda. Hantsa za ta cika ta ɗaure na 'yan kwanaki, a bar ta. Amma in gefe ɗaya ya yi zafi, ya yi ja ko tauri kamar dutse, a kira likitan dabbobi.