Fankar Sienna da Gyaɗar Ɓera

Sienna ɗina ƙirar 2005 ce. Da hunturu ya kama sai fankar hita ta fara wani kuka, ƙarr-ƙarr, bayan nan ta yi ɗif. Ita kaɗai ce ke hura iskar hita da ta AC a gaban mota, don haka in gilashi ya yi gumi da asuba, da hulata nake gogewa. Ga bikin Jos ya matso, kowa kuwa ya san sanyin Jos.

Mai wayarin ya duba fis ya ce lafiyarsa ƙalau, fankar ce. Da ya faɗi kuɗin aiki na ce Allah ya kai mu gobe. Na wuce Ƙofar Ruwa na sayo 'yar Beljiyam. Ai noti uku ne da soket ɗaya, a ƙarƙashin akwatin gaban mai zaman banza.

Wanda ya zana motar nan dai bai taɓa ganin mai tumbi ba. Sai da na kwanta rigingine, kai a inda ake ajiye ƙafa, ƙafafu a saman kujera, tocila a baki. Biyu suka fita salin-alin. Na ukun yana can lungu, yatsa na taɓa shi, ido ba ya gani, sufana ba ta shiga. Ina cikin wannan kokawa maƙwabcina ya hango ƙafafu a sama ba motsi, ya rafka salati.

"Alhaji! Alhaji, kana ji na?"

Da wane bakin zan amsa? Ya kama ƙafafuna ya finciko, goshina ya gaisa da dashbod.

Da tsohuwar fankar ta sauko, ashe ɓera ne ya tare a ciki: ɓawon gyaɗa, guntun leda, har da safar autanmu da aka yi ta cigiya. Na kakkaɓe, na ɗaura sabuwa.

Ranar tafiya kowa ya ci ado, surukata a gaba cikin farin leshi. Muna fita gari na ce, "Hajiya, bari a ɗumama miki mota," na murɗa har ƙarshe. Ragowar kayan ɓeran da ke cikin bututu suka yo waje gaba ɗaya, ƙura da ɓawo, har kan mayafinta.

Ta ciro ɓawo ɗaya daga ɗaurin ɗankwali, ta juya shi, ta dubi 'yarta a baya.

"Ke, miƙo min bargo. Shi kuma ya kashe."