Yallaɓai, Kwanan Wata Za Ka Duba

Tun jiya da daddare raina yake a ɓace, kuma ba kowa ya ja ba sai wani siniyanmu a zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai. Mutum da furfurarsa, da digirinsa biyu, da 'ya'ya mata huɗu a gida, ya ɗauki waya ya sako mana saƙon murya na minti tara a kan takardun Epstein, wato wasiƙu da takardun da hukumomin Amurka suka saki na attajirin nan Jeffrey Epstein da aka kama da lalata da ƙananan yara. Ƙarshen zancensa wai wasiƙa dai wasiƙa ce, kowa yana gaisawa da mai kuɗi, a daina ɓata wa manyan mutane suna. Har da 'yar dariyarsa. Jama'a kuwa suka yi ta ɗaga masa babban yatsa. Sau uku ina rubuta amsa ina gogewa, don ina ganin girmansa, ya taɓa ƙwace ni daga hannun firifet muna aji ɗaya. A can na yi shiru. To nan shafina ne.

Yallaɓai, Allah ya ja da ranka, ba ka karanta ba. Sunaye ka leƙa, kamar mai duba sakamakon jarrabawa a allon sanarwa. Abin da ya kamata ka duba yana can sama a kowace wasiƙa, ƙaramin layi ne, kwanan wata.

A 2005 iyayen wata yarinya 'yar shekara 14 suka kai ƙarar Epstein wajen 'yan sandan Palm Beach a jihar Florida. Da aka bi sawu aka tarar ba ita kaɗai ba ce, gomman yara ne, yawancinsu 'ya'yan marasa ƙarfi. Ana jawo su da dala 200 ko 300 da sunan tausa, wadda ta kawo ƙawarta a ba ta nata kason. A watan Yunin 2008 Jeffrey Epstein ya tsaya gaban alƙali ya amsa laifinsa da bakinsa, har da na neman ƙaramar yarinya don lalata. Aka yanke masa wata 18, ya yi kusan 13, kuma ko a cikin waɗannan ana buɗe masa ƙofa ya tafi ofishinsa har awa 12 a rana, kwana shida a mako, ya dawo ya kwana. Wannan kurkuku ne ko masaukin baƙi? Sunansa ya shiga rajistar masu laifin lalata, wadda kowa yake iya dubawa, jaridu kuma sun buga.

Daga wannan shekarar "ban sani ba" ta rasu, an yi mata sutura. Duk wanda ya rubuta masa wasiƙa bayan 2008 ya san wa yake rubuta wa.

Ga Andrew, ƙanin Sarkin Ingila. A watan Disambar 2010 aka ɗauke shi hoto suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da Epstein a Central Park na birnin New York, kowa cikin rigar sanyi, ana hira hankali kwance. Da BBC ta titsiye shi a 2019 sai ya ce ai zuwa ya yi ya yanke abotar. Kwanaki ya yi a gidan mutumin fa! Ni dai a iya sanina, in za ka raba gari da mutum ba ka zuwa da akwatin kaya. Sai ga wasiƙar imel ta watan Fabrairun 2011, wata biyu bayan "yanke abotar", yana gaya masa su ci gaba da tuntuɓar juna. Tsohuwar matarsa Sarah Ferguson ita ma haka: ta fito bainar jama'a a 2011 ta ce ta yi nadama, ta nisanta kanta da shi, ba a jima ba ta koma ta bayan gida ta rubuta masa tana ba shi haƙuri tana kiransa babban amininta. A gaban kyamara tir, a cikin imel tuba nake.

Ga Peter Mandelson, wanda ya yi minista a Birtaniya har aka tura shi jakada Amurka. Shi ma ba a bayan shari'ar kaɗai ba, a tsakiyarta yake rubuta wa Epstein yana ƙarfafa masa gwiwa, yana ba shi shawarar ya yi fafutukar a sake shi da wuri. Ya san tuhumar, amma abin da ya dame shi kada amininsa ya daɗe a tsare. A watan Satumbar 2025 aka sallame shi daga jakadancin.

Wanda ya fi ba ni mamaki Larry Summers. Tsohon sakataren baitulmalin Amurka, tsohon shugaban jami'ar Harvard, irin mutanen da in suka yi tari kasuwar hannun jari take girgiza. Takardu sama da shafi 20,000 da kwamitin Majalisar Wakilai ya saki a watan Nuwambar 2025 sun nuna shi yana musayar saƙonni da Epstein har zuwa ranar 5 ga Yulin 2019, jajibirin ranar da aka sake cafke shi a filin jirgin Teterboro. A kan me? Har da neman shawara a kan wata mace da yake so. Duk faɗin Amurka, duk malaman Harvard, bai ga wanda zai tambaya yadda ake neman mace ba sai wannan. Kuma ku lura, a watan Nuwambar 2018 Julie Brown ta jaridar Miami Herald ta riga ta tone komai dalla-dalla, matan da abin ya faru da su sun fito da fuskokinsu sun yi magana. Bai hana ba. Da takardun suka fito ya ce yana jin kunya. To, ai kunyar ta makara a hanya.

Bankuna ma ba a bar su a baya ba. JPMorgan ya ci gaba da riƙe masa asusu har 2013, shekara biyar bayan hukuncin. Da suka sallame shi Deutsche Bank ya buɗe masa ƙofa. A 2023 na farkon ya amince ya biya matan da aka zalunta dala miliyan 290, na biyun miliyan 75. Bankin da in ka yi kuskuren harafi ɗaya a sunanka sai ya wahalar da kai mako guda, shi ne bai lura da wanda yake ajiye wa kuɗi ba?

Na san abin da za a zo a rubuta mini a ƙasa, bari in rage muku wahala. "Fitowar suna ba laifi ba ne." Na ji, kuma gaskiya ne. A cikin shafi sama da miliyan 3 da Ma'aikatar Shari'a ta zubo ranar 30 ga Janairun 2026 akwai sunan wanda aka ambata a labarin jarida kawai, akwai wanda aka gayyata ya ƙi zuwa, akwai tsegumin da wani ya buga waya ya yi babu hujja. Andrew kansa ya musanta zargin lalata da Virginia Giuffre, ɗaya daga cikin matan, ta yi masa. Ban ce duk wanda ya rubuta wasiƙa ya taɓa yarinya ba, wannan aikin kotu ne, ni kuwa ko magatakarda ban taɓa yi ba. Tambayata ba ta kotu ba ce. Mutum ya san abin da aka kama wannan da shi, ya auna a ransa, ya ga bai kai ya hana shi cin abincin dare a gidansa ba. Shi ke nan maganar. Ba sai an gurfanar da kai kafin a san nauyin da ka ba wa yarinya 'yar shekara 14 a ma'auninka ba. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, su kuwa waɗannan sun ga buhun kanwar a kansa suka matso da kujera.

Sai 'yan "siyasa ce". Wannan ya ɗora hoton Bill Clinton, wancan ya rama da wasiƙar 2011 da Epstein ya kira Trump karen da bai yi haushi ba. Dukansu biyun sun musanta aikata wani laifi, ba a kuma tuhumi ko ɗayansu ba. Ku je can ku ƙarata. Mutumin nan bai da jam'iyya, teburinsa kowa da kowa ne: 'yan siyasar hagu da na dama, malaman jami'a, 'yan sarauta, masu bankuna. Dokar da ta tilasta sakin takardun ma ɗan Republican da ɗan Democrat ne suka ja ta, Thomas Massie da Ro Khanna, aka yi ƙuri'a 427 da 1, bayan an shafe watanni ana jan ƙafa. A watan Yulin 2025 ai cewa aka yi an duba, babu sauran abin da za a saki. Ashe akwai.

Su kuma masu mayar da abin fim, da ƙungiyoyin asiri da tsafi da "ai Yahudawa ne", ku ma kuna cikin masu ɓata mini rai. Kun bar abin da yake rubuce baƙi a kan fari, da kwanan wata da sa hannu, kun tafi neman aljanu. Babu wani asiri a nan da ya wuce wanda kuka sani a unguwarku: mai kuɗi ne, yana da jirgi da tsibiri, yana haɗa wannan da wancan, yana ba jami'a gudummawa, yana biya wa mai bashi bashinsa. Kowa yana da abin da yake lasa, shi ya sa kowa ya kau da kai.

Bari in ajiye gatse, don wannan ɓangaren ba na wasa ba ne. Na zauna da tsohuwar wayata mai tsagaggen gilashi ina jan shafukan nan da yatsa har bayan ƙarfe ɗaya na dare. Wani shafin daga sama har ƙasa baƙi ƙirin, an shafe komai. Sai kuma lauyoyin matan suka fito suna kuka cewa a wasu takardun an bar sunayen waɗanda aka zalunta a fili, har sai da ma'aikatar ta janye dubban takardu. Ka ji fa. Shekara da shekaru ana cewa ba za a saki ba don a kare su, ranar da aka saki su ne aka tsiraita. Hukumomin Amurka da kansu sun ce yawan waɗanda abin ya shafa ya haura 1,000. Virginia Giuffre tana 'yar shekara 16 tana aiki a Mar-a-Lago, wurin shaƙatawar Trump a Florida, lokacin da Ghislaine Maxwell, abokiyar Epstein mai jawo masa yara, ta tare ta. Ta yi shekaru tana faɗa ana ƙaryata ta. Ta rasu a Ostireliya a watan Afrilun 2025 tana da shekara 41, wata shida kafin Sarki Charles ya tuɓe wa ƙaninsa sarauta. Ba ta gani ba. A saƙon muryar siniyanmu na minti tara, sunan manya ya fito ya fi sau goma, kalmar "yarinya" ba ta fito ko sau ɗaya ba. Na sake saurara don in tabbatar.

Kuma har yau mutum nawa ke kurkuku a Amurka a kan wannan? Ɗaya. Maxwell, shekara 20, ita ma a 2025 an mayar da ita wani sansani mai sassauci a Texas. Shi uban gayyar an tsinci gawarsa a ɗakin da yake tsare ranar 10 ga Agustan 2019. Ko da 'yan sandan Birtaniya suka kama Andrew a watan Fabrairun 2026 suka yi masa tambayoyi, a kan zargin wasa da amanar muƙamin gwamnati ne. Takardar gwamnati tana da mai bin kadinta cikin gaggawa.

"To mu me ya shafe mu da Amurka?" Wani ya tambaya a zauren, wai mu ji da tsadar shinkafa. Ɗan'uwa, ni abin da ya tsaya mini a wuya ba Amurka ba ce, bakin siniyanmu ne, don na taɓa jin irin wannan bakin. Ina yaro a unguwarmu aka kama wani mai hali da 'yar talla. Kowa ya sani, har mu yara. Aka taru a zaure aka ce a rufa asiri, yana da iyali, yana da mutunci. Juma'ar da ta biyo yana sahun gaba, ana rububin ba shi hannu, shi ne ma ya ba da kuɗin gyaran rufin masallaci a daminar. Yarinyar aka kai ta ƙauye wajen kakarta, ban sake ganinta ba. Tiren gyaɗarta ya daɗe a jingine a soron gidansu. Babu wanda ya ce bai sani ba a lokacin. Cewa aka yi kowa yana gaisawa da mai kuɗi.

Don haka Yallaɓai, in ka ga wannan rubutun, kuma na san za a kai maka, ba raini ba ne. Ka koma ka buɗe ko wasiƙa ɗaya, ka bar sunan, ka duba shekarar. In kafin 2008 ce mu zauna mu yi muhawara, zan ma kawo shayi. In bayanta ce ba ni da abin tattaunawa.

Af, tunda maganar zaure ake: admin, don Allah wannan jerin sunayen da ake ta turowa mai tambarin "an tura sau da yawa", wanda aka cusa 'yan ƙwallo da mawaƙa har da mutanen da suka mutu tun kafin a haifi Epstein, a daina. Hotunan nan ma da ake haɗawa da kwamfuta, jiya na ga wani mai yatsu shida. Sannan a sa doka, saƙon murya kada ya wuce minti biyu, data ta yi tsada. Kuma har yanzu ba a ba mu lissafin kuɗin taron bara ba, ni na biya dubu goma, ko hular da aka ce za a raba ban gani ba.