Ku ƙyale matar nan da teburin 'yarta

Wallahi abin da wasunku suka yi wa baiwar Allahn nan jiya a ƙarƙashin hoton da ta saka ya ɓata min rai. Uwa ta sa kafinta ya haɗa wa 'yarta ɗan teburi da ragowar katako, ta shimfiɗa leda mai furanni a kai, ta wanke gwangwanin madara ta zuba fensira, ta liƙa jadawalin darussa a bango. Sai kuka yi mata ca: wai ƙaryar arziki, wai kwaikwayon Turawa, wai mu a kan tabarma muka yi karatu kuma ga mu.

Yaro yana buƙatar wurin karatu nasa na kansa. Ba zan daina faɗa ba.

Masu cewa na Turawa ne, ku leƙa makarantar allo. Ɗalibi ya san inda zai jingine allonsa idan an tashi. Tawada tana cikin 'yar kwalbarta, alƙalamin gamba a gefe, Alƙur'ani cikin gafaka an rataye shi sama inda ƙanne ba sa kaiwa. Buzun malam babu mai hawa. Tun kafin Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa ta boko a Nasarawa ta Kano a 1909 iyayenmu suka san kayan karatu suna da mazauni, kuma ana girmama su. Mu ne muka zubar da tarbiyyar lokacin da littafin boko ya shigo gida.

Ku dubi yadda yaranmu ke aikin gida. Yarinya ta kwanta rub da ciki a tsakar ɗaki, talabijin na ta ihu, ƙaninta na jan shafi, miya ta ɗiga a kan lissafi. Gari ya waye ana neman fensir a ƙarƙashin katifa har a makara, ta sha bulala a bakin ƙofar makaranta. Wata ma a ajinsu a ƙasa take zama, babu benci. A ina za ta koyi zama ta riƙe biro da kyau? Ranar da ta kai aji shida, jarrabawar shiga sakandare ta ƙi daɗi, a ce daƙiƙiya ce. Ba daƙiƙiya ba ce, wuri ne ba a ba ta ba.

Kar wani ya kawo min zancen ƙuncin ɗaki ko tsadar rayuwa. Falanki ɗaya a kan bulo biyu a lungun ɗaki ya isa. Abin lura kaɗan ne: idan kan kujera za ta zauna ƙafarta ta taɓa ƙasa, teburin kuma kada ya wuce gwiwar hannunta har ta riƙa ɗage kafaɗa. Mai rubutu da dama, fitila mai caji ta zauna ta hagunta don inuwar hannu kada ta rufe rubutun. Littattafai su shiga kwali, na kowace rana a sama. Kwanon abinci da cajar waya kuma a nema musu wani wuri, don da zarar manya sun fara ajiye tarkace a kai, teburin ya tashi daga nata. Ledar furannin da kuka raina, in ita ta zaɓa da kanta, ita ce za ta sa ta share wurin ba tare da an aike ta ba.

Ku kuma kafintoci, don Allah idan aikin yara aka kawo muku ku goge gefen katakon ya yi santsi, ku daddanne kan ƙusoshi. Na ga benci sabo fil da ƙusa ta leƙo ta ƙasa daidai inda gwiwar yaro take, kuma kuɗin aikin cif aka biya.