Kula da fuska a ƙasar zafi da ƙasar sanyi: abin da ke canjawa da abin da ba ya canjawa

Duk wanda ya bar ƙasar zafi ya koma zama a ƙasar sanyi, fuskarsa ce ke fara sanar da shi cewa wuri ya canja, tun kafin kunnensa ya saba da maganar mutanen garin. Ni a kudancin Ingila nake zaune yanzu, kuma bayan na kwatanta yadda fata take a nan da yadda take a ƙasar zafin da na taso, ra'ayina shi ne tsarin kula da fuska na kullum bai kamata ya wuce abubuwa uku ba: a wanke ta, a shafa mata mai, a kare ta daga rana. Yanayi yana canja nauyin man da yawan wankin, amma ginshiƙan nan uku suna nan daram a ko'ina. Tsarin nan mai matakai goma da ya yi suna daga Koriya ta Kudu, wanda kantuna suka cika kantocinsu da kwalabensa, ina ganin ya fi amfanar mai sayarwa a kan mai saye, musamman idan mai sayen baƙar fata ne, saboda dalilin da zan kawo a gaba.

Wanki ne mutane suka fi ɗauka da sauƙi, kuma a nan aka fi yin ɓarna. Saman fatar mutum yana da ɗan tsami-tsami, wanda a ma'aunin tsami na pH (inda ƙaramar lamba ke nufin tsami ya fi yawa) yake tsakanin 4.5 da 5.5, kuma wannan tsamin yana cikin abin da ke hana ƙwayoyin cuta samun wurin zama. Sabulun dunƙule na yau da kullum kuwa yana kaiwa 9 zuwa 10 a ma'aunin, don haka idan aka dirje fuska da shi yakan kwashe datti har da maiƙon da fata ke riƙe ruwa da shi. A ƙasar zafi ɓarnar ba ta saurin bayyana, domin zufa da maiƙo suna dawowa nan da nan, kuma wanke fuska safe da dare da sabulu mai laushi abu ne da ya dace. A nan kuwa, idan sanyi ya kama, wanki da sabulu sau ɗaya da dare ya ishi mutane da yawa, da safe ruwa mai ɗumi kaɗai ya wadatar. Ruwan zafi rau yana da daɗi a irin wannan lokaci, amma shi ne kan gaba wajen busar da fata. Akwai kuma matsalar ruwan famfo kansa, domin a Landan da kewayenta ruwan yana ɗauke da kalsiyam da magnesiyam masu yawa. Duk wanda ya leƙa cikin butar dafa ruwa a nan ya ga farin ɓawon da ke manne a gindinta, ya ga abin da nake nufi. Sabulu ba ya kumfa sosai a irin wannan ruwa, kuma yakan bar ragowa a fata. Alamar da za a duba ɗaya ce a ko'ina: idan an gama wanki aka ji fuska ta ɗaure kamar fatar ganga, sabulun ya yi ƙarfi, sai a canja shi.

A wajen man shafawa ne bambancin wuraren biyu ya fi fitowa fili. Mutane sukan ce sanyin Turai tamkar hunturu ne, amma akwai inda suka rabu. Iskar hunturu busasshiya ce tun daga waje, ga kuma ƙura, alhali a nan waje yakan kasance da danshi da yayyafi, bushewar tana cikin ɗaki ne inda hita ke aiki dare da rana. Mutum zai fito daga ɗaki mai zafi ya shiga iska mai yankan kunne, ya sake komawa cikin zafi, kafin yamma gefen hancinsa ya fara ɓarewa, kumatunsa sun yi furu-furu. Maganin wannan shi ne a san aikin abin da ke cikin kwalbar da aka saya. Gilisarin yana jawo ruwa ya riƙe shi a saman fata. Seramid, wanda shi ne kusan rabin kitsen da ke haɗa ƙwayoyin saman fata, yana cike gurbin da wanki da sanyi suka buɗe. Basilin kuma, wanda Robert Chesebrough ya yi wa rajista a Amurka tun 1872, yana rufe fata ya hana ruwa fita, kuma har yau da wuya a sami abin da ya fi shi a wannan aiki duk da arharsa. A lokacin sanyi mai kauri ake buƙata, har a ɗan ɗora basilin a leɓe da wuraren da suka tsattsage kafin a kwanta. A cikin zafi da gumi kuwa, irin wannan man yakan yi wa fuska nauyi, don haka mai ruwa-ruwa wanda fata ke shanyewa da sauri ya fi. Ko a ina ne, a shafa shi fuska tana da sauran laima, kada a jira ta bushe ƙarau.

Man kariyar rana shi ne wanda na ga ana watsi da shi a wuraren biyu, kowa da hujjarsa. A ƙasar zafi hujjar ita ce baƙar fata ba ta ƙonewa, a ƙasar sanyi kuma ana cewa ai ranar ma babu ita. Hujja ta farko tana da ɗan tushe, domin wani bincike na 1979 ya ƙiyasta cewa kariyar da baƙar fata ke da ita daga halitta ta kai kimanin 13 a SPF, wato ma'aunin ƙarfin kariyar rana, ta farar fata kuma kimanin 3. Sai dai likitocin fata SPF 30 suke ba da shawara a kai, wanda ke tare kusan kashi 97 cikin ɗari na hasken UVB mai ƙona fata, kuma a yankunan da ke kusa da tsakiyar duniya wani ma'aunin daban, na ƙarfin hasken UV na rana, yakan kai 11 ko ya zarce, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa a fara kariya tun daga 3. Abin da rana ta fi yi wa baƙar fata shi ne ƙara wa tabo duhu da raba launin fuska gida biyu, goshi da kumatu su fi sauran wurare baƙi. Hujja ta biyu ma ba zan yi mata ƙarya ba: a watan Disamba a Ingila ma'aunin nan da ƙyar yake kaiwa 1, kuma wanda ba shi da tabo, yini yake yi a ɗaki, ban ga laifinsa ba idan ya ajiye kwalbar har bazara. Amma hasken UVA, ɗaya nau'in hasken rana da ido ba ya gani, yana ratsa gajimare da gilashin taga, dusar ƙanƙara kuma tana iya mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na hasken zuwa fuska, saboda haka mai fama da tabo ko mai shafa retinol, wani man ƙuraje da tamoji, ba shi da hutu.

Ƙorafin da na fi ji shi ne man yana barin fari-fari ko toka-toka a fuska, kuma gaskiya ne ga nau'in da aka haɗa da zink oksaid ko taitaniyam. Akwai wanda ba ya barin alama, akwai kuma mai launi wanda aka sa wa sinadarin tsatsar ƙarfe, kuma wannan na biyun yana da ƙarin amfani domin yana tare hasken da ido ke gani, wanda shi ma yana duhunta tabo a baƙar fata. A shafa gwargwadon tsawon yatsu biyu, a sake bayan awa biyu idan ana cikin rana. Wani abin da mazauna ƙasar sanyi ya kamata su sani shi ne, tun da hasken rana ne ke sa fata samar da bitamin D, hukumar lafiyar Birtaniya tana shawartar kowa ya sha maikirogiram 10 na bitamin D kullum a kaka da lokacin sanyi, masu baƙar fata kuma su yi tunanin sha duk shekara.

Dalilin da ya sa nake ƙin yawan kwalabe shi ne, baƙar fata tana mayar da martani ga kowane irin kumburi ko ƙaiƙayi ta hanyar ƙara baƙin launi a wurin. Ƙurjin da zai warke cikin mako guda yakan bar tabon da zai yi watanni, haka ma ƙurajen aski a haɓar maza masu murɗaɗɗen gashi. Wanda ya haɗa mayuka masu ƙarfi huɗu a dare ɗaya, ya ƙara da goge fuska da soso mai kaushi, shi da kansa yake shuka tabon da yake neman gogewa, kuma idan fuskar ta rikice ba zai san wanne ne ya jawo ba. Idan akwai buƙatar ƙari a kan ukun nan, a ɗauki abu ɗaya, misali niyasinamid ko asid ɗin azelayik don tabo, ko retinol don ƙuraje da tamoji, a gwada shi a bayan kunne na 'yan kwanaki, sannan a fara da dare biyu a mako. Saman fata yana ɗaukar kimanin wata guda kafin ya sabunta kansa, don haka hukunci kafin makonni shida zuwa goma sha biyu gaggawa ce. Mai ciki ko mai neman ɗaukar ciki ta nisanci retinol da danginsa baki ɗaya.

Gajen haƙuri da tabo ne ke kai mutane ga mayukan bilicin, kuma ana samun su a ɓoye a nan kamar yadda ake samu a wasu wurare, duk da cewa Tarayyar Turai ta hana sa haidrokwinon, wani sinadarin hasken fata, a kayan kwalliya tun 2001. Wasu daga cikinsu suna ɗauke da zaiba mai lalata ƙoda, wasu kuma da siteroyid mai ƙarfi wanda ke sirantar da fata har jijiyoyi su fito, shi kansa haidrokwinon idan aka daɗe ana shafawa yakan haifar da wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu wanda magance shi ke da matuƙar wuya. Tabon da ya ƙi dusashewa bayan wata uku na kulawa da kariya daga rana, ko ƙuraje masu zurfi da zafi, ko tawadar jiki da ta fara canja siffa ko launi, duk waɗannan aikin likitan fata ne, kuma zai fi kyau a tafi masa da dukkan kwalaben da ake shafawa domin ya karanta abin da ke rubuce a jikinsu.