Layya da Baki a Ɗinke

Sai da na haura shekara 40 a duniya sannan na san ashe haƙori ma yana kwanciya. Likita ne ya ɗaga hoton muƙamuƙina ya nuna min da bakin biro. Ga maƙwabtansa duk a tsaye, shi kuwa na can ƙuryar ƙasa ta hannun dama ya miƙe a kwance abinsa, ya tokare maƙwabcinsa da ka. Ya ce cikakken mutum haƙora 32 gare shi, huɗun ƙarshe su ne 'yan auta, sukan fito tsakanin shekara 17 zuwa 25, lokacin an riga an gama rabon fili. Wanda bai sami wuri ba sai ya karkace cikin ƙashi. Nawa dai ya daɗe a kwance yana nazarin ta inda zai ɓullo min, bai ga lokacin da ya dace ba sai da na sayi rago na ɗaure.

Kafin in kai kaina asibiti babu abin da ban gani ba. Hajiya ta ce in danna kanumfari a wurin. Wani maƙwabcin shagona a Kwari ya rantse tsutsa ce, ya san mai fitar da ita da hayaƙi. Na ce wa likita a bari mana sai bayan Sallah, ya ce to. A daren nan haƙorin ya ce bai yarda ba. Gari na wayewa na koma da ƙafata ina roƙo.

Aka yi min allurar kashe zafi, leɓena na ƙasa ya zama na wani. Likita ya ce, "Malam, za ka ji dannawa, amma ba za ka ji zafi ba." Gaskiya ya faɗa, sai dai bai ambaci ƙara ba. Tunda abin a kwance yake, dole aka tsaga dasashi, aka ɗan rage ƙashi da inji, aka yanka haƙorin gida uku ana zaro shi ɗaya bayan ɗaya. Duk wannan a cikin ƙoƙon kanka kake jin sa, ba ta kunne ba. Kuma a daidai lokacin da ƙarafa suka cika min baki ne likita ya ga damar hira.

"Ashe a Kwari kake? Nawa shadda take yanzu?"

Na ce, "Aaa."

Ya ce, "Kai, ta yi tsada."

Aka ɗinke wurin, aka cusa min auduga aka ce in cije minti 30. Sannan aka karanto dokoki. Awa 24 ba tofar da yawu, ba kurkure baki, ba zuƙar lemo da tsinke, ba abu mai zafi, ba taba. Dalili kuwa, gudan jinin da zai daskare a ramin shi ne murfinsa, a ƙarƙashinsa nama zai tsiro. In ya fita, ƙashi ya zauna a buɗe. Bayan awa 24 sai a fara ruwan ɗumi da gishiri, a hankali. Ya miƙo takardar dokokin, kafin in ɗaga hannu uwargida ta karɓe ta jefa a jaka. Ban san a wannan minti ne mulki ya bar hannuna ba.

Batun alwala ya dame ni, na rubuta wa limamin unguwarmu tambaya a bayan takardar magani. Ya ce kurkurar baki sunna ce, ba ta cikin farillai, in bar ta har in warke. Shi kaɗai ne a makon nan ya karanta abin da na rubuta ya amsa daidai abin da na tambaya.

Likita ya riga ya faɗa cewa kumburi sai a kwana na biyu zuwa na uku yake cika. Ya cika kuwa. Kuncina ya tashi kamar na ɓoye goriba, muƙamuƙi ya ƙage, bakin ba ya buɗuwa fiye da faɗin ɗan yatsa. Ni da nake wuni ina ciniki da murya, duk maganata ta dawo "mmm". Akwai "mmm" na e, akwai na a'a, akwai na wayyo Allah, amma duk fitarsu ɗaya. Nan uwargida ta naɗa kanta tafinta.

Tela ne ya fara zuwa da ɗinkin Sallah da lissafin da ya ninka wanda muka yi da shi. Na zaro ido na ce, "Mmm!"

Ta ce, "Ya ce aikin ya yi kyau, Allah Ya yi albarka. Kuɗin na aljihun farar rigarsa."

Da yamma ƙaninta ya shigo dubiya, ya durƙusa ya ce, "Yaya, sannu da jiki. Dama motar nake so a ara min ta yawon Sallah." Wannan yaro na san tuƙinsa. Na girgiza kai da iyakar ƙarfina, ɗinkin ya amsa, na dafe kunci na sunkuyar da kai don azaba.

Ta ce, "Ka gani, ya gyaɗa kai. Makullin na kan firij."

Na nemi biro da takarda, ta ce likita ya ce in huta. Na ɗauki waya zan tura mata saƙo, ta ce ba ta da data. Na nuna jakar da takardar dokoki ke ciki don a duba ko da gaske akwai dokar hana rubutu, ta ce, "Abban yara, kada ka wahalar da kanka, shiru ma magana ce."

Ranar Sallah na je idi da rawani, ba don sarauta ba. Na dawo na yanka ragona da hannuna, daga nan aka zaunar da ni a kujera a tsakar gida ina kallon mahauci yana fiɗa. A nan ne fassara ta kai maƙura. Aka ɗaga cinya guda, uwargida ta ce ta gidansu ce. Ban ƙi a kai wa surukai nama ba, duk shekara ana kaiwa, amma cinya sukutum? Na ce, "Mmm."

"Ya ce a haɗa da hanta."

"Mmm! Mmm!"

"Da ƙoda, wai."

Mahauci ya dube ni ya ce, "Alhaji, Allah Ya ƙara arziki. Irinku sun yi ƙaranci." Ya kuma ɗauki wuya ya ajiye gefe, uwargida ta ce na ce ya riƙe.

Sai 'yan dubiya. Ban taɓa sanin ana ƙaunata haka ba sai da ciwona ya haɗu da suyar nama. Kowa ya shigo a ajiye masa kwano, ya cika baki, sannan ya juyo ya ce, "Sannu, ya jikin?" Gwaggo ta zo min da tsarabar dubiya, rake da aya. Kawu kuwa, wanda haƙoran da suka rage masa ba su kai a yi musu lissafi ba, ya zauna ya ba ni tarihi. Wai a zamaninsu wanzami ne ke cirewa da awartaki, mutum biyu su danne ka, da la'asar ka ci goronka. Yaran yanzu ne sai an yi musu allura da ɗinki. Yana faɗa yana mulmula tsokar ragona da dasashi, kuma tana wucewa.

Ni abincina kunun gyaɗa ne da aka bari ya huce, ana ɗura min da ƙaramin cokali ta gefen hagu. Fura ma an hana, wai gero zai shiga ramin. Ƙamshin suya ya cika gida, ya shiga labule, ya shiga matashin kai. Autata ta zo ta tsaya a gabana da tsoka a hannu, ta daɗe tana kallona, tausayi ya kama ta, ta ce, "Abba, in tauna maka?"

Kashegarin Sallah da dare wani sabon ciwo ya taso, wanda ya mai da na farko wasan yara. Daga ramin yake tashi ya harba har kunne, ga wani ɗanɗano marar daɗi a baki, maganin da aka ba ni kuma ko gezau. Hutu na ƙarewa muka koma. Likita ya leƙa ya ce murfin ya fita, ƙashi a buɗe yake, kuma haƙoran ƙasa na ƙurya sun fi kowane yin haka. Ni na san hayaƙin babbakar kai da ƙafa ne ya sa ni atishawa. Uwargida ta ce ta ji motsi a kicin da tsakar dare. Likita bai shiga tsakani ba, ya ɗauko sirinji ya wanke ramin, sai ga shi ya ɗago wani ɗan siririn abu ya kai shi gaban fitila.

"Malam, wannan zaren dambun nama ne. Rago ko sa?"

Har gobe ina nan a kan bakana. Gidan da ake suya, komai na iya tashi a iska.

Ya cusa wani magani a ramin, kafin mu kai bakin titi ciwon ya kwanta. Sai dai ƙamshin da ke tashi daga bakina na san shi tun ina yaro. Uwargida ta koma ta tambaya, aka ce e, akwai man kanumfari a ciki. Wannan labari ya riga mu isa gidan Hajiya. Ta sa aka kira ni, ta ɗauko gwangwaninta na kayan yaji ta ajiye a gabana, ta tambayi nawa na kashe a asibiti. Wannan karon ni na zaɓi in ce "mmm".

Da aka zo cire zare baki ya fara buɗuwa, na soma bin sawun abin da aka ce na ce. Ashe na yafe wa maƙwabci bashi. Na amince a sake fentin ɗakin uwargida. Motar ta dawo babu madubi ɗaya, kuma wai na ce ba komai, ƙaddara ce. Naman layya saura ganda da kitse a ƙasan tukunya.

Likita ya sake ɗaga hoton nan ya ce kafin in tafi, na hagun ma a kwance yake, gara a sa masa rana tun bai tashi ba. Na buɗe baki zan ce sai na yi shawara, uwargida ta riga ni.

"Likita, bikin ƙanwata farkon wata mai zuwa ne. Ko za a samu wuri ana saura kwana biyu a kai kayan ɗaki?"