Taga da rufi: abin da masu gina makarantun ƙauye na da suka fi mu sani

Na taɓa shiga wani aji da azahar, a wata makarantar ƙauye da ba ta fi shekara biyu da ginawa ba. Fenti sabo fil, allon da aka rubuta sunan aikin yana tsaye a bakin hanya. Bango na bulo ne, an ɗora kwano a kan katako ba silin, ga tagogi biyu ƙanana a gefe guda, su ma an tura ƙyaurensu saboda rana na dukan allo. Kana iya jin kwanon yana ƙas-ƙas don zafi. Yaran bencin baya sun kifa kawunansu, malama tana fifita da rajista. Da abin ya ishe ta sai ta kwashe su zuwa gindin wata bishiya a bakin fili, can aka ƙarasa darasin. An kashe kuɗi an gina aji, amma bishiya ta fi shi iya aikin.

Tun ranar nake ganin cewa idan ana maganar ilimin yaran karkara, ana yi wa ginin kansa rikon sakainar kashi. Za a yi ta muhawara kan manhaja da albashi da horar da malamai, duk kuwa sun cancanta, amma ɗakin da yaro zai wuni a ciki sai a bar wa ɗan kwangila da zane guda da aka kwafa daga wani fayil. Abin mamaki, waɗanda suka gina makarantun ƙauye shekara ɗari da suka wuce, ba lantarki ba fanka, sun fi mu damuwa da inda rana ke fitowa.

A Ingila, bayan dokar ilimin firamare ta 1870, makarantu sun bazu har ƙananan ƙauyuka, kuma har yau mai wucewa yana gane su daga nesa: babban ɗaki mai dogon rufi, ƙaramar hasumiyar ƙararrawa, gidan malami manne da aji, wani lokaci ƙofa biyu da aka sassaƙa wa suna a dutse, ɗaya ta maza ɗaya ta mata. Tagoginsu dogaye ne amma an ɗaga su sama, yadda haske zai kai ƙuryar ɗaki amma yaro a zaune ba zai hango waje ba. Wannan na ƙarshen bai burge ni ba, ya nuna irin kallon da ake yi wa yaro a wancan zamani. Sai dai ko a tsaurin nasu akwai lissafi. A Faransa kuma, bayan dokokin Jules Ferry na 1881 da 1882 da suka mayar da firamare kyauta kuma tilas, ƙauyuka da yawa sun haɗa ofishin magajin gari da makaranta a gini ɗaya, ofis a tsakiya, ajin maza a wannan ɓangare, na mata a wancan. Ginin da kansa yana gaya wa ƙauye cewa karatun yara harkar hukuma ce ta farko.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai daga jihohin kudu na ƙasar Amurka yake. A zamanin wariyar launin fata, 'ya'yan baƙaƙen fata a karkara galibi a coci ko a rumfunan da suka ruɓe suke karatu. Booker T. Washington, baƙar fata mai jagorantar cibiyar ilimi ta Tuskegee, ya shawo kan Julius Rosenwald, shugaban kamfanin Sears, ya ba da tallafin gina musu makarantu, suka fara da makarantu shida a jihar Alabama. Kafin a rufe shirin a 1932, an gina makarantu kusan 5,000 a jihohi 15. Gine-ginen na katako ne, ba ado, amma an zauna an yi musu tunani. An jera manyan tagogi a bango ɗaya, suna kallon gabas ko yamma, aka kuma shirya bencina yadda haske zai zo wa yaro ta hagu, don kada inuwar hannunsa ta rufe abin da yake rubutawa. Har launin fentin ciki an ƙayyade, mai haske, don ya mayar da hasken rana cikin ɗaki. Kuma zanen iri biyu ake bugawa: na ginin da zai fuskanci gabas ko yamma daban, na wanda zai fuskanci kudu ko arewa daban, don ko ina hanya ta bi, tagogin su faɗa inda ya dace.

Akwai kuma sharaɗi. Asusun Rosenwald ba ya biyan kuɗin ginin duka. Dole mutanen ƙauyen su kawo nasu kason, fili ko katako ko kuɗi ko ƙarfin jikinsu, hukumar ilimi ta yankin ma ta sa hannu. Talakawan da ke noma gonar wani suka tara abin da suka iya. Wanda ya ɗauki katako a kansa ya kai wurin gini ba ya zuba ido ya ga taga ta karye ya ce ta gwamnati ce. Marigayi John Lewis, ɗan majalisar nan mai fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, a irin wannan makaranta ya yi karatu.

Wani zai ce ai wancan zamani ne da ƙasa mai sanyi, matsalar ƙasashen zafi daban ce. To, a ƙauyen Gando na Burkina Faso an amsa wannan. Diébédo Francis Kéré ɗan ƙauyen ne, kuma yana yaro sai da aka tura shi gari ya yi firamare saboda babu makaranta a Gando, ya kuwa ɗanɗani zaman ajin siminti mai zafi da duhu. Da ya samu damar karatun zanen gine-gine a Berlin, tun bai gama ba ya tara tallafi ya koma gida. A 2001 aka kammala makarantar mai aji uku. Tubalin na ƙasar wurin ne, an ɗan haɗa da siminti aka matse. Silin ma na tubalin ƙasa ne, an bar masa ƙofofin iska. Kwanon kuwa, wanda shi ne ke mayar da aji murhu a wasu wurare, an ɗaga shi sama da silin a kan siraran ƙarafa, ya kuma zarce bango sosai ta kowane gefe. Iska mai zafi ta hau ta fice ta tsakanin silin da kwano, mai sanyi ta shigo ta taga, ruwan damina kuma ba ya dukan bango. Mutanen ƙauyen ne suka yi aikin, maza da mata. Ginin ya ci kyautar Aga Khan ta zanen gine-gine a 2004, shi kuma Kéré ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine ta duniya, a 2022. A Rudrapur ta Bangladesh ma an gina wata makaranta da laka da gora, ita ma ta ci kyautar Aga Khan a 2007.

Ban manta da uzurin jami'ai ba, kuma ba duka ne na banza ba. Mai gina azuzuwa dubu yana bukatar zane ɗaya da zai iya ƙiyasta kuɗinsa ya kuma bincika ko an yi. Ginin ƙasa yana son kulawa, in aka bar shi ruwa da gara za su ci shi. Iyaye da yawa ma suna ganin ginin ƙasa alamar an raina su ne, sun fi son bulo ko da zai gasa 'ya'yansu. Kéré kansa ya sha fama kafin mutanensa su yarda da tubali. Amma makarantun Rosenwald ai 'yan zane-zane ƙalilan ne aka yi ta maimaitawa har aka gina dubbai. Laifin zanen da ake yawo da shi yanzu shi ne bai san gabas ba bai san yamma ba. Ɗaga rufi, faɗaɗa baranda, fasa taga a bango biyu masu kallon juna don iska ta ratsa, juya ginin ya ba wa rana gajeren gefensa: ko da bulo da kwano ana iya yin waɗannan, kuma abin da za su ƙara a kan kuɗin aikin bai kai asarar darasin azahar na shekara ashirin ba.

Sai maganar tsoffin gine-ginen. Bayan hukuncin kotun ƙolin Amurka na 1954 da ya haramta raba makarantu bisa launin fata, an watsar da yawancin makarantun Rosenwald, wasu suka zama rumbun ciyawa, da yawa suka rushe, sai a 2002 wata ƙungiyar adana kayan tarihi ta ƙasar ta sa su cikin wuraren da ke gab da ɓacewa. A Ingila an sayar da makarantun ƙauye da dama an mayar da su gidajen zama. A wasu wuraren ko wannan gatan ba sa samu, sai a rushe tsohon aji mai kaurin bango a kafa akwatin bulo a gurbinsa, a kira shi ci gaba. Kafin a kawo gatari, ya kamata wani ya shiga tsohon ajin da ƙarfe ɗaya na rana ya zauna a bencin baya, sannan ya tsallaka ya zauna a sabon, ya rubuta abin da jikinsa ya gaya masa a takardar da za a kai wa mai sa hannu.

Ajin da na ba da labarinsa da farko, bangonsa na arewa babu ko ƙaramin rami. Magini ɗaya da guduma zai iya fasa taga biyu a wurin cikin kwana biyu, lokacin hutu.