Ga 'yan'uwana mazauna Legas da suka rasa uwa

Assalamu alaikum.

Da yawa daga cikinmu mazauna Legas ba ma samun jana'izar iyayenmu mata. Daga Agege zuwa Kano tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, mota ta kwana ta wuni a hanya, mu kuwa ba ma ajiye gawa. A rasu da asuba, kafin azahar an kai ta makwancinta. Kana isowa sai ka tarar da tabarmi a ƙofar gida, ƙanenka ya raka ka maƙabarta ya nuna maka. Ana yin addu'ar bakwai ka juyo bakin nemanka, kasuwar Mile 12 ce ko mayankar Oko-Oba. Daga nan abin da nake gani a wajen samarinmu shi ne hoto. Duk shekara in ranar ta zagayo a ɗora hoton baiwar Allah a WhatsApp da Facebook, matar da ko zaure ba ta leƙawa ba mayafi, jama'a su jera amin, shi ke nan sai baɗi. Ban ce addu'ar ba ta da amfani ba. Na ce abin da take binka ya fi haka.

Tawa mahaifiyar, Allah Ya jiƙanta, har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa kiran sunana ba, don ni ne ɗan fari. Kafin wayar hannu ta shigo a 2001, kaset take aiko mini. Ta zauna a tsakar gida, ƙanena ya danna mata rikoda, a ba direban motar albasa tare da ƙullin kuka da daddawa da yaji. In ka saurara, maganar kanta ba ta wuce "muna nan lafiya". Sauran duk mutane ne. Wance ta haihu, a aika da turmin atamfa. Kawu ya faɗi a gona, a gaishe shi. Wane da wane sun yi faɗa kan iyaka, kada ka sa baki. Can a baya kana jin zakara da ƙarar turmi. Ranar Sallah kuwa, muna yara, ƙafafunmu ne suke shan wahala: kwanon tuwo gidan wance, kwanon waina gidan wane, har da gidan da aka yi shekara ana gaba da su. Muna gunaguni tana cewa mu yi sauri kada miya ta huce.

Da ta zo Legas, muka kai ta bakin teku na Bar Beach, lokacin ba a cike wurin da yashi ba. Ta tsaya nesa tana salati, ta ce ruwan da ba a ganin gaɓarsa ba wurin wasa ba ne. Miyar manja ta ce barkono ya kashe ta, amma burodin Agege sai da ta cika jaka da shi na tsaraba. Maƙwabciyarmu Bayarabiya ce, ba mai jin yaren wata, amma sun wuni suna hira da hannu, ranar tafiya har da hawaye.

Na kawo wannan ne don kusan kowannenmu uwarsa haka take. Ita ce ke riƙe da zaren dangi, kai kana nan kana neman kuɗi kana zaton zumunci da kansa yake tafiya. Ranar da ta rasu zaren ya faɗi ƙasa, kuma in ba ka sunkuya ka ɗauka ba, babu mai ɗauka.

Wanda bai sami jana'iza ba kada baƙin ciki ya cinye shi. Sahabi Sa'ad ɗan Ubada ma mahaifiyarsa ta rasu ba ya gari. Da ya dawo ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko sadaka za ta amfane ta, aka ce masa e, nan take ya ba da gonarsa saboda ita. Bukhari ne ya ruwaito. A ruwayar Abu Dawuda kuma ya tambayi wace sadaka ce ta fi, aka ce ruwa, ya haƙa rijiya da sunanta. Kai da ke garin da ake sayen ruwa a jarka ka san darajar wannan. Ba sai ka haƙa rijiyar burtsatse ba. Biyan mai kura ya cika tankin masallacin unguwarku duk Juma'a ma sadaka ce.

Wani mutum daga ƙabilar Banu Salama ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko akwai sauran biyayya bayan iyaye sun rasu. Aka lissafa masa addu'a, da nema musu gafara, da cika alkawarinsu, da sada zumuncin da ta hanyarsu ya zo, da girmama abokansu. Addu'a muna yi. Sauran ne muke tsallakewa.

Ka fara da bashi. Iyayenmu mata suna da harkokin da 'ya'ya maza ba su sani ba: zubin adashi, kayan da aka karɓa wajen dillaliya, kwanon gero da aka ranta da damina. Masu bin kuɗin kunya za ta hana su magana a zaman makoki. Ka sa yayarka ko matarka ta bi ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya ta tambaya. In akwai 'yar gidan wani da ta yi wa alkawarin kayan ɗaki, wannan alkawari yanzu naka ne. Gado kuma a raba shi da wuri, ko da akuya biyu ne da 'yan kunne, domin jinkirinsa ya raba 'yan ɗaki ɗaya da yawa.

Sai 'yan'uwanta mata. Hadisi ya ce 'yar'uwar uwa tana matsayin uwa. Tsohuwar nan da kuka daina zuwa wurinta tun ranar arba'in, ita ma 'yar'uwa ta rasa, kuma ta fi ka sanin marigayiyar. Ka kira ta, ka bar ta ta ba ka labarin ƙuruciyarsu. Za ka ji abin da ba ka taɓa ji ba, wani ma ka yi dariya har ka share ido.

Ku kuma ƙannena da iyayenku mata ke raye, musamman masu acaba. Tun da aka tsananta hana babur a 2022, na san waɗanda aka ƙwace wa abin hawa suka daina kiran gida, wai kunya suke ji ba su da abin turawa. Ita kuwa tana can ta kasa barci, duk labarin kame ko rikici a Legas sai ta ɗauka da kai a ciki. Ka sa katin ɗari biyu ka gaya mata gaskiya, ta yi maka addu'a. Mai samu kuma kada ya ɗauka tura kuɗi ta POS ya sauke nauyi. Kuɗin mota yana tashi in Sallah ta matso, don haka ka fara ware na tafiya tun yanzu, ka gaya wa maigidanka da wuri ranar da za ka tafi da ranar da za ka dawo.